Orkney, Kilmartin ko Lewis: Ina Za Ka Nufa In Kana Son Ganin Tsohuwar Sikotilan?

Duk sanda hutu ya ƙarato, da wuya a watse daga masallacin Juma'a a Glasgow ba a sami ɗalibi ɗan'uwanmu da ya yi wannan tambayar ba: "Malam, ina da kwana uku ko huɗu, aljihun ba nauyi, na riga na ga fadar Edinburgh. Ina kuma zan je in ga tarihi na gaske?" Wurare uku nake ambata masa kullum: tsibiran Orkney da ke can ƙuryar arewa, kwarin Kilmartin da ke yankin Argyll a yamma, da tsibirin Lewis. Dukansu na taka da ƙafata, kuma a kowannensu akwai aikin hannun mutanen da suka rayu shekara 5,000 da suka wuce. Sai dai a hoto ne kawai suke kama da juna. Wanda ya zaɓa don hoto zai iya kashe kuɗin cefanen wata guda ya dawo yana cewa duwatsu kawai ya gani.

Da me za a auna su?

Abu shida nake dubawa. Na farko, me ido zai gani, kuma wace tambaya wurin ke amsawa. Na biyu kuɗi: na mota, na jirgin fito, na masauki da na tikitin shiga. Na uku sauƙin zuwa ga wanda ba shi da mota, don yawancinmu haka muke. Na huɗu ɗorewa, wato nawa ne ya rage na asali, kuma me ke cin sa. Na biyar haɗari, wanda a wannan ƙasar kusan duk iska ce da ruwa. Na shida sallah da abinci, abin da littattafan jagoran matafiya ba sa kula da shi, mu kuwa ba ma tafiya ba shi.

Orkney

Tsibirai ne kusan 70, ana zaune a kan kimanin 20. A babban tsibirin ne wurare huɗun da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1999 suke: Skara Brae, Maeshowe, duwatsun Stenness da da'irar Brodgar.

Skara Brae ƙauye ne da rairayi ya binne, sai wata guguwa a 1850 ta yaye tudun, gidaje suka bayyana. An zauna a cikinsa daga wajajen shekara ta 3100 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya girmi manyan dalolin Giza na Masar ke nan. Masani Gordon Childe ya yi aikin tono a wurin a ƙarshen shekarun 1920. Abin da ya sa ya tsira shi ne Orkney ba ta da itatuwa sosai, amma tana da dutsen da ke ɓarewa falle-falle kamar allo. Sai mutanen suka yi komai da dutse. Za ka tsaya a kan hanyar da ke saman bango ka leƙa ƙasa: ga murhu a tsakiyar ɗaki, ga gado a dama, ga gado a hagu, ga magudanar ruwa a ƙarƙashin daɓe. Abin da ya tsayar da ni shi ne kantar dutse mai hawa biyu da ke fuskantar ƙofa a kusan kowane gida, ta yadda mai shigowa ita zai fara gani. Nan take jeren ɗakin kakata ya faɗo mini a rai, kwanukan tangaran da fanteka a jere inda baƙo ba zai kasa gani ba. Ba a barin kowa ya sauka cikin gidajen na asali, amma an gina kwaikwayon ɗaya kusa da cibiyar baƙi, ana shiga a zauna a taɓa.

Maeshowe kushewa ce da aka gina wajajen 2800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga waje tudu ne mai ciyawa. Sai ka duƙa ka bi wani lungu mai tsawon kimanin mita 10, gwiwa na neman haɗuwa da ƙirji, kafin ka miƙe a cikin wani ɗaki mai tsayi da aka jera duwatsunsa ba tare da siminti ko laka ba. An daidaita lungun da faɗuwar rana ta tsakiyar hunturu, har haskenta ke ratsowa ya sauka a bangon ƙurya. A ƙarni na 12 mutanen Norway suka fasa rufin suka shiga, suka bar rubuce-rubuce kusan 30 a bango: wani yana yabon kansa da iya rubutu, wani yana zancen dukiyar da aka kwashe, wani ya zana wata dabba mai kama da zaki ko dodo. Ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma mutum kaɗan ake ɗauka a kowane zagaye. In ba ka kama gurbi tun makonni kafin zuwa a lokacin bazara ba, daga bakin titi za ka gaishe ta.

Da'irar Brodgar faɗinta mita 104 ne, ana jin duwatsu 60 ne aka kafa da farko, 27 ke tsaye yanzu, kewaye da gwalalon da aka fafe cikin dutse ba tare da ƙarfe ba. Tsakaninta da Stenness ne Ness of Brodgar yake, inda aka shekara 20 ana tono aka fito da manyan gine-gine masu rufin fallen dutse da bango mai fenti. A kula: an kammala wannan tonon a 2024 an mayar da ƙasa an rufe, saboda haka kada ka je da niyyar ganin abin da ka gani a bidiyo. Kayan da aka samu ne za ka nema a gidan tarihi na Kirkwall, babban garin Orkney.

Kuma tarihin Orkney bai tsaya a zamanin dutse ba. Ɗaruruwan shekaru tana hannun Norway. Babbar majami'ar St Magnus ta jan dutse an aza harsashinta a 1137. A 1468 sarkin Denmark da Norway ya ba da tsibiran jingina a madadin kuɗin gara na 'yarsa Margaret da ta auri Sarki James na Uku na Sikotilan, ba a fanshe su ba, Sikotilan ta haɗe su a 1472. A mashigin Scapa Flow kuma sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu 52 da hannunsu ranar 21 ga Yuni 1919.

Ta fuskar kuɗi, nan ne aljihu ke kuka. Daga Glasgow sai ka yi jirgin ƙasa zuwa Inverness, ka sake wani na kusan awa huɗu zuwa Thurso, sannan jirgin fito na awa ɗaya da rabi daga Scrabster zuwa Stromness. Yini guda ya tafi ke nan. Wanda ke Aberdeen ya fi samun sauƙi, akwai jirgin ruwa na kimanin awa shida kai tsaye zuwa Kirkwall. Jirgin sama yana rage wahala ya ninka kuɗi. Brodgar da Stenness kyauta ne, Skara Brae da Maeshowe kowanne fam goma da ɗoriya. Masauki a watannin Yuni zuwa Agusta yana tsada, yana kuma cika da wuri.

Haɗarin biyu ne. Mashigin Pentland da ake ƙetarewa ruwa ne mai fushi. Na taɓa kwana biyu a bakinsa ina jiran iska ta lafa, kuɗin masaukin da ban shirya ba ya cinye na tikitin dawowa. In kana jiri a ruwa, sha magani tun kafin ka hau. Na biyu shi ne cunkoso: ranar da manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido suka sauka a Kirkwall, Skara Brae kan cika maƙil da tsakar rana. Je da sassafe ko da la'asar. Ɗorewa kuwa, babu inda ya kai nan cikar kaya, amma teku na cin gaɓar. Katangar da aka gina a shekarun 1920 ce ke tsakanin Skara Brae da igiyar ruwa, kuma a Brodgar akan rufe hanyar ciki idan sawun mutane ya fara zaizaye ƙasa.

Kilmartin

Wannan ne wurin da aka fi rainawa, ni kuwa shi na fi yawan tura mutane. Ƙauye ne ɗan ƙarami tsakanin Oban da Lochgilphead, amma a cikin mil shida kewaye da shi akwai wuraren tarihi sama da 350, kusan 150 daga cikinsu sun girmi zuwan rubutu.

A tsakiyar kwarin akwai tsibin duwatsu biyar a kan layi ɗaya, kowanne kabari ne: Glebe, Nether Largie uku, da Ri Cruin. Ba lokaci guda aka yi su ba. Na kudu cikin Nether Largie shi ne babban yaya, ya haura shekara 5,000, sauran sun biyo baya da shekara fiye da 1,000, a zamanin da aka fara ƙera tagulla. A Nether Largie na arewa ana sauka ta ɗan tsani a ga murfin kabari da aka sassaƙa wa siffar kan gatari, alamar arzikin mai shi. A Dunchraigaig, a 2021, aka ba da sanarwar gano zanen barewa a ƙarƙashin murfin wani kabari, wanda wani mai sha'awar kufai ya hango da fitilar hannu. Ga da'irar Temple Wood, ga kuma Achnabreck, inda aka cika fuskar fā da ƙananan ramuka kewaye da zobba a cikin zobba. Da rana tsaka ba ka ganin komai sosai. Bari yamma ta yi, haske ya zo a karkace, ko bayan an ɗauke yayyafi, sai zanen ya taso kamar yanzu aka yi shi.

Amma Dunadd ne ya sa nake son wurin. Dutse ne guda da ya miƙe a tsakiyar fadamar Moine Mhòr, hawansa bai fi minti goma sha biyar ba, kana bi ta wani tsagi da ya zama ƙofar gari. Nan ce cibiyar masarautar Dál Riata tsakanin ƙarni na 6 da na 9, masarautar masu harshen Gaelic da ta haɗa yammacin Sikotilan da arewacin Ireland, wadda daga mutanenta ne Sikotilan ta samo sunanta. Masu tono sun samu kwamin zubin kayan ado da fasassun tukwanen da aka kawo daga ƙasar Faransa ta yau, shaidar cewa fatauci ya kai nan. A 736 sarkin Pict, mutanen arewa da gabashin Sikotilan a lokacin, mai suna Óengus ya ci garin da yaƙi. Kusa da ƙololuwa akwai sawun ƙafa da aka fafe a dutse, da wani ɗan kwarmi kamar akushi, da zanen gursunu. Masana na ganin a nan ake naɗa sarki: ya zura ƙafarsa a sawun, ya ɗauki alkawarin ƙasa. Na cire takalmi na sa tawa ƙafar, ruwan sama ya taru a ciki, sanyi ya ratsa safa, ga fadama shimfiɗe har bakin teku. Wanda ya taɓa tsayawa a kan Dala ya dubi Kano zai gane dalilin da ya sa mai mulki ke son tudu irin wannan. Sawun da ake takawa yanzu kwaikwayo ne da aka shimfiɗa a kan na asali don kare shi, kuma hakan daidai ne.

Akwai wani abin da bai kamata ɗan Afirka ya wuce bai sani ba. Iyalin Malcolm na Poltalloch, waɗanda suka mallaki kwarin nan a ƙarni na 19, da gumin bayi a gonakin rake na Jamaika suka tara dukiyarsu. Itatuwan da ke yi wa Temple Wood inuwa a zamaninsu aka dasa.

Kuɗi: mafi araha, nesa ba kusa ba. Babu jirgin ruwa. Motar safa daga Glasgow zuwa Lochgilphead ba ta kai awa uku ba, daga nan mil takwas ne. Dunadd, kaburburan, Temple Wood da Achnabreck duk kyauta ne, ba ƙofa ba mai gadi. Gidan tarihin ƙauyen, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, shi ne kawai ake biya, kuma da shi ya kamata a fara, don in ba bayani tsibin dutse tsibin dutse ne. Matsalar ita ce motocin haya na cikin yankin kaɗan ne, ranar Lahadi kuwa kada ka dogara da su. Layin kaburburan ana gama shi da ƙafa cikin rabin yini, amma Dunadd na da nisan mil huɗu daga ƙauyen. In ku huɗu ne, haɗa kuɗi ku ɗauki hayar mota ya fi. Haɗarin ƙanana ne amma masu naci: wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo da ke fitowa daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba idan iska ta kwanta, kaska a cikin doguwar ciyawa, santsin dutse a Dunadd, da zaftarewar ƙasa da kan toshe hanyar A83 bayan ruwa mai ƙarfi. Ta ɓangaren ɗorewa, an kwashe duwatsun wasu kaburburan an yi gini da su a ƙarnonin baya, wasu ma sake tara su aka yi. Ba za ka ga gida ko ɗaki kamar na Orkney ba.

Lewis

Duwatsun Calanais an kafa su kusan shekara 5,000 da suka wuce: da'ira ta duwatsu 13, dogo guda mai mita 4.8 a tsakiya, da layuka da suka fita ta fuskoki huɗu. Dutsen kansa yana cikin mafi tsufa a Turai, mai zara-zaran jijiyoyi kamar jikin itace. Baƙar lakar fadama ta taɓa binne su har kusan mita ɗaya da rabi, sai a 1857 aka kwashe ta bisa umarnin Sir James Matheson, attajirin da ya yi kuɗi da cinikin ofiyom a Sin ya sayi tsibirin duka a 1844. A wajen kyan gani, Calanais ta fi Brodgar a idona. Mil kaɗan gaba akwai hasumiyar Dun Carloway mai kimanin shekara 2,000, bango biyu da matakala a tsakaninsu, ɓangare ɗaya na tsaye har mita 9.

Abin da Lewis ta fi sauran da shi shi ne tarihinta bai mutu ba. A Arnol akwai gidan dutse mai rufin ciyawa da aka zauna a ciki har 1966, mutane a gefe guda, shanu a ɗaya gefen, murhu a tsakar ɗaki ba bututun hayaƙi. Har yau ana hura wutar da busasshiyar laka, ƙamshin hayaƙin zai bi rigarka har gida. Ƙauyen Gearrannan sai a 1974 mutanensa na ƙarshe suka tashi. Ana jin Gaelic a kanti da cikin mota. 'Ya'yan darar Turawa da aka tono a Uig a 1831, waɗanda aka sassaƙa da hauren wata dabbar teku a ƙarni na 12, yawancinsu suna Landan, 11 suna Edinburgh, shida kuma an ba gidan tarihin Stornoway, babban garin Lewis, aro.

Zuwa: jirgin ƙasa ko mota zuwa Inverness, mota zuwa Ullapool, jirgin fito na awa biyu da rabi zuwa Stornoway. Kuɗin fito ga mai tafiya da ƙafa yana da sauƙi, na mota ne ke da nauyi kuma gurbinsa ke ƙarewa da wuri. Dun Carloway kyauta, Arnol da Gearrannan ana biya. Calanais ta daɗe kyauta amma an shirya sanya mata tikiti bayan gyaran cibiyar baƙi, sai a duba kafin a tashi. Mutanen Lewis suna riƙe da Lahadi da gaske: yawancin kantuna a rufe, motocin haya a ajiye. Yi cefane tun Asabar, ka kuma girmama musu ranarsu yadda kake so a girmama maka Juma'a.

Sallah da abinci

Nan Lewis ta yi zarra: akwai ɗan masallaci a Stornoway da aka buɗe a 2018. A Kilmartin da karkarar Orkney ka riƙe dardumarka da manhajar alƙibla. Kifi na samuwa ko'ina, nama kuwa ka yi guzuri daga Glasgow ko Aberdeen. A watan Yuni rana kan wuce ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba a Orkney da Lewis, shafaƙi ma ba ya ɓacewa sosai, don haka ka tambayi limamin masallacinku yadda ake ƙaddara isha'i da asuba tun kafin ka tafi. A Disamba hasken rana bai fi awa shida da 'yan mintoci ba. Azahar, la'asar da magariba suna bin juna a guje.

| Ma'auni | Orkney | Kilmartin | Lewis |
|---|---|---|---|
| Abin da ya fi fice | gidaje da kushewa na zamanin dutse | kaburbura, zanen fā, kujerar sarauta | Calanais da rayuwar karkara |
| Kuɗi | mai yawa | kaɗan | matsakaici |
| Kwanakin da ake buƙata daga Glasgow | 4 zuwa 5 | 1 zuwa 2 | 3 zuwa 4 |
| Ba tare da mota ba | yana yiwuwa | da tafiyar ƙafa mai yawa | yana yiwuwa, ban da Lahadi |
| Cikar abin da ya rage | mafi cika | wasu an sake tarawa | mai kyau |
| Babban haɗari | iska a teku, cunkoso | ƙudaje, kaska, santsi | iska a teku, rufewar Lahadi |
| Kama gurbi tun da wuri | dole | ba lallai ba | ga mai mota |

Wa ya dace da ina?

In kai ɗalibin tarihi ne ko na zanen gine-gine, ko kuwa karatunka ya kusa ƙarewa kuma ba ka jin za ka sake dawowa ƙasar nan, tara kuɗi ka tafi Orkney. Ka ba ta kwana huɗu aƙalla, ka bar kwana ɗaya a sake saboda iska, ka nemi watan Mayu ko Satumba lokacin da masauki ke sauka. Wanda ke Aberdeen ma kada ya tsaya dogon tunani.

In Asabar da Lahadi kawai gare ka, ko aljihu ya yi ƙasa, ko kana tsoron teku, Kilmartin ce taka. Haka ma wanda sha'awarsa ke kan sarauta da yadda ƙasa ke kafuwa. Dunadd za ta ba shi abin da zai yi ta juyawa a rai. Mai ƙananan yara ma nan zai fi sakewa, don fili ne shimfiɗaɗɗe, ba layi ba tikiti, sai dai a riƙe hannunsu a kan dutsen.

In kana tafiya da iyaye ko da iyali kana son a sami masallaci kusa, ko kuma mutane da harshensu sun fi jan hankalinka a kan kufai, nufi Lewis, ka shirya isa ranar Litinin ko Talata don Lahadi kada ta cinye maka kwana. Mai ciwon gwiwa ko baya ma Lewis ta fi masa: Calanais da Arnol ba hawa ba duƙawa mai tsanani, alhali lungun Maeshowe da tsagin Dunadd duk suna neman gwiwa mai lafiya.

Wanda kuma ke son haɗa biyu cikin mako guda, ya haɗa Kilmartin da ɗaya daga cikin tsibiran. Orkney da Lewis a tafiya ɗaya sai an ƙetare teku sau huɗu, kuma iska ɗaya ta isa ta wargaza lissafin duka.